Kofin da Yaya Ya Kife

Yayana ya shekara ashirin da uku yana tsara wa direbobin bas lokacin fita da lokacin dawowa, kuma a iya sanina ba a taɓa samun motar da ta wuni a tasha don an rasa mai tuƙa ta ba. A wurin aiki Mai Jadawali suke kiransa. Ofishinsa ɗan ƙuƙut ne a saman gareji, da taga ɗaya mai kallon inda ake wanke motoci, da farin allo da ya cinye bango guda, an ja masa layuka da rula. Direba sittin da ɗoriya, kowa da uzurinsa: wannan matarsa ta haihu, wancan bayansa ya riƙe, wani ba ya ga maciji da kwandastan da aka haɗa su. Yaya zai tsaya gaban allon da alƙalami a bayan kunne, ya goge nan ya cike can, kafin shayinsa ya huce kowa ya sami gurbi. To wannan mutumin ne ya kasa haɗa mutum biyar a ɗaki ɗaya har shekara biyu da wata huɗu. Ni ce autar gidanmu, kuma ina cikin biyar ɗin, don haka ba jita-jita nake ba ku ba.

Abin ya faro tun yana saurayi. Ya tsinci wani littafi wurin mai sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi, babu bango babu shafin farko, ruwa ya taɓa shi har ya kumbura. Wata uku ya yi yana fama da shi da ƙamus a gefe, sannan ya tara abokansa uku ya ce ya samo musu abin yi. Da suka ga suna bukatar ƙarin mutum sai ya jawo ni, lokacin ina shekarar farko a makarantar koyon jinya.

Wasa ne na labari. Mutum ɗaya ke ba da labarin, shi ne Yaya, shi ne dajin, shi ne garin, shi ne duk wanda za a ci karo da shi a hanya. Sauran kowa yana da mutum ɗaya nasa a ciki, shi zai faɗi abin da mutumin zai yi. In abin mai haɗari ne sai ka jefa ƙwaya, irin ta ludo amma mai fuska ashirin, lambar da ta fito ita za ta nuna ka sha ko ka faɗi. Na san yadda abin yake a kunnen wanda bai taɓa yi ba, manya da gemu suna tatsuniya da rana tsaka. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta daina tambayar ko caca ce ba.

Dogo, direban babbar mota, soja ya zaɓa mai gatari, don shi ko a labari ba ya son dogon tunani. Ticha, da ke koyarwa a sakandare, ya ɗauki wani tsoho masani mai sanda, domin ya samu inda zai yi surutu a saurare shi. Ni maharbiya ce. Tela kuwa, mutumin da ko ƙyallen da ya ragu a ɗinkinka sai ya ninke ya sa maka a leda, shi ya zaɓi ɓarawo. Ɗan siriri ne mai kunya, in kwastoma ya ɗaga masa murya sai ya hau ba da haƙuri ko da shi ke da gaskiya. Amma da ya zauna a teburin nan sai ka ga wani mutum daban, yana haura katanga, yana yi wa masu gadi ƙarya ido cikin ido, yana dariya har da hawaye. Matarsa ta taɓa ce mini a gida ba ta jin irin wannan dariyar.

Doka ɗaya Yaya ke da ita, kuma tana da dalili. A shekarun farko akwai wata Asabar da Dogo bai dawo daga tafiya ba, sai Ticha ya jefa masa ƙwaya a madadinsa, lamba ta fito mummuna, sojan farko na Dogo ya mutu ba ya nan. Wata biyar Dogo ya yi ba ya amsa gaisuwarmu. Da aka shirya, Yaya ya rantse ba za a sake jefa ƙwaya ko a duba ta ba sai dukkanmu biyar muna zaune. Mun yi na'am da dokar, har mun yaba masa. A lokacin duk Asabar da yamma muna da ita a hannu, babu mai aure, babu mai kowa.

Daga nan rayuwa ta fara gutsurar mu. Duk mako ya koma duk wata, duk wata ya koma in an samu. Amma labarin bai mutu ba, shekara goma sha tara muna cikinsa, Yaya yana rubuta shi a manyan littattafai masu baƙin bango, har sun cika kanta guda a ƙaramin ɗakin gidansa inda teburin yake.

Ranar da abin ya tsaya ina tuna ta sarai. Mutanenmu sun zo wata gadar igiya a kan rami mai zurfi. Mu uku mun haye, ɓarawon Tela ne na ƙarshe, yana tsakiya igiya ɗaya ta tsinke. Yaya ya ce, “Sha ɗaya ko sama, ka haye. Ƙasa da haka, sai dai mu yi maka addu'a.” Tela ya hura wa ƙwayar iska a tafin hannu kamar yadda ya saba, ya jefa. Tana cikin gangarawa wayata ta yi ƙara, daga asibiti ne, an yi haɗarin mota ana neman kowa. Na miƙe na juya baya ina neman takalmina. Kafin ƙwayar ta gama tsayawa Yaya ya fizgi kofin shayinsa, wanda babu komai a ciki, ya kife a kanta.

“Auta ta tashi,” in ji shi. “Ba mu cika ba. Sai Asabar mai zuwa.”

Tela ya yi dariya ya ce, “Haba mutumina, a kan igiya za ka bar ni mako guda? Hannuna zai gaji.”

Asabar mai zuwa Dogo yana hanya. Ta bayanta Ticha yana gyaran takardun jarrabawa. Ta bayan wannan ina aiki, wadda ta biyo baya kuma Tela ya karɓi ɗinkin kayan makaranta na yara ɗari biyu, ko abinci a kan keken ɗinki yake ci. Kofin yana nan a kife, farin tangaran mai ɗan tsage a baki. Matar Yaya, da nake ce wa Anti, ta so ta mayar da teburin wurin guga, Yaya ya ce ko kusa. Sai da ta kai an yi yarjejeniya: za ta riƙa share ɗakin tana goge tebur, amma ƙwaya ba ta taɓa ta.

Yaya ya ɗauki abin kamar aikin ofis. Farkon kowane wata zai ja layi biyar a takarda, kowa da layinsa, ranaku a gefe, ya ɗauki hoto ya turo mana a guruf ɗin waya. Wanda ya ce zai zo a sa masa alamar daidai, wanda ba zai zo ba a sa masa gicciye. Matsalarsa mu ba direbobinsa ba ne, ba mu ce e, ba mu ce a'a, sai “in Allah ya yarda” da “bari mu gani”. Dole ya ƙirƙiro alama ta uku, ɗan zagaye, don irin wannan amsar. In ka kalli takardar a ƙarshen wata sai ka ga duk zagaye ne. Ya gwada Lahadi, ya gwada safiya, ya gwada ranar hutun ma'aikata, har ya taɓa ɗaukar hutu ranar Laraba don ta dace da tawa, sai ga shi ranar ce surukar Ticha ta zo ganin likita.

Ba zan wanke kaina ba. Gicciye mafi yawa a layina suke. Aikin jinya ba ya tambayar ra'ayinka, gaskiya ne, amma akwai Asabar ɗin da ina gida kwance ina kallon silin, na rubuta masa cewa ina aiki. Na gaji ne kawai, kuma na ɗauka gadar ba inda za ta je.

Sau ɗaya muka kusa. Wata goma sha ɗaya bayan kife kofin, duk layuka biyar suka yi daidai a rana ɗaya. Yaya ya sayo biskit, ya goge kujeru da kansa. Mu huɗu muka hallara tun ƙarfe uku. Sai Dogo ya bugo waya cewa motarsa ta mutu, tafiyar awa biyu daga gari, bakanike ya tafi neman ƙarfe. Muka zauna muna shan shayi muna kallon kofi. Dogo da bakinsa ya ce ta waya, “Ku buɗe mana, na yafe, ai ba nawa ba ne a kan igiyar.” Ticha ya goyi baya. Tela kuwa ya ɗora yatsa ɗaya a gindin kofin yana kallon Yaya.

“Murya a waya ba zama ba ce,” in ji Yaya. “Tun da muka kafa dokar nan ba mu karya ba.”

Tela ya janye yatsansa. Ranar na lura ƙafafunsa sun kumbura, har ya taka bayan takalminsa don ba ya shiga. Na ce ya zo asibiti a duba shi, ya ce zaman keke ne.

Ƙoda ce. Kafin wata uku an sa shi a layin wankin ƙoda, Talata da Asabar, awa huɗu a kan na'ura, in ya sauka kuma ba ya iya ko riƙe kofin ruwa sai washegari. Asabar ta fita daga takardar Yaya ke nan gaba ɗaya. Lahadi Dogo ke lodi. Ranakun mako Ticha yana aji, da yamma yana darasin gida-gida. Yaya ya sayo babbar takarda, ya fara raba ranaku gida biyu, safe da yamma, ya ƙara launi ja don ranakun na'ura. Ban taɓa ganin jadawali mai kyau kamarsa ba, kuma ko sau ɗaya bai haɗa mu ba.

Ba wai mun yar da Tela ba ne. Kowa yana zuwa duba shi, amma ɗai-ɗai, a tsaitsaye, Dogo da lemo a leda, Ticha da labarin ɗalibai. Yaya ya fi kowa zuwa, shi ke kai shi asibiti a motarsa duk Talata. Yana son mutumin nan har ransa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Abin da ya kasa shi ne ya yarda a yi abin a gurguje.

Da aka kwantar da Tela a ɓangarenmu na asibiti, ina canza masa ruwa wata yamma Yaya ya shigo daga aiki, alƙalami har yanzu a bayan kunne. Tela ya rame har zoben azurfarsa ya koma babban yatsa.

“Mutumina,” ya ce, “har yanzu ina kan igiya?”

“Kana nan. Ka riƙe da kyau.”

“Ka tara su mana. Ba sai an yi wasa ba. Minti biyar, ku tsaya a kaina, ka ɗaga kofin, kowa ya kama gabansa.”

Yaya ya girgiza kai yana murmushi. “A tsaye? A nan, da warin magani? Kai ba ka san abin da na tanadar maka a tsallaken gadar ba. Shafi arba'in na rubuta, duk naka ne, har garin da aka haifi ɓarawonka. Wannan wuni guda yake so, a kan teburinmu. Likita ya ce za a sallame ka mako mai zuwa. Ka bar mini, na kusa haɗa ranar.”

Na bi shi har baranda. Na ce, “Yaya, kada ka ja abin nan.” Iyakar abin da na faɗa ke nan, ni da na ga takardun gwajinsa da idona, na kuma san me suke nufi. Na fake da cewa sirrin majinyaci ne. Gaskiyar ita ce bakina ya yi nauyi, na kasa kallon yayana in ce masa abokinsa ba zai ga ƙarshen wata ba. Shi kuma ya ji abin da yake son ji, ya dafa kafaɗata ya ce shi ma sauri yake.

Kuma ya haɗa ranar. Ya roƙi mai motar Dogo da kansa, ya samo wa Ticha wanda zai riƙe masa darasi, ya daidaita da ranakun na'ura. Lahadi bakwai ga wata, ƙarfe biyu. Saura layina. Ni kuwa na riga na yi wa wata abokiyar aiki alkawarin riƙe mata wannan Lahadin, za ta kai ɗanta makarantar kwana. Da na buga mata waya na ce ba zan iya ba, da ta nemi wata, an saba yin haka kullum. Kunya ta hana ni. Na rubuta a guruf, “Yaya, a matsa zuwa sha huɗu don Allah.” Ya yi kwana biyu yana sake bin kowa, ya matsa.

An sallami Tela ranar biyar ga wata. Ranar bakwai yana gida, a zaune, har ya sha shayi ya yi wa matarsa tsiya. Ranar Alhamis sha ɗaya ga wata da hantsi ya cika.

Babu wanda ya turo takarda, babu wanda ya ce bari ya gani. Dogo ya bar mota da kaya a hannun wani ya hawo ta haya. Ticha ya fita daga aji da alli a hannu. Ni na ce wa shugabarmu zan tafi, ban ma tsaya jin amsarta ba. Cikin awa uku duk muna gidan Tela. Na dubi fuskokinmu a tsakar gidan nan, wani baƙin ciki ya tokare ni wanda ya fi na mutuwar kanta, don na ga ashe abin mai yiwuwa ne, kullum mai yiwuwa ne.

Ranar sha huɗu, tun da kowa ya riga ya keɓe ta, muka tsinci kanmu a ƙaramin ɗakin Yaya. Kujeru biyar a jere, biskit a faranti, littafin mai baƙin bango a gabansa da takarda a tsakiya inda shafi arba'in ɗin suka fara. Muka zauna, kowa a kujerarsa. Dogo ne ya fara magana, muryarsa a dishe.

“Ɗaga shi, Mai Jadawali. Mu san yadda ya ƙare.”

Yaya ya dubi kujerar da ke kusa da taga. “Ba mu cika ba,” ya ce.

Raina ya ɓaci, na wanke shi tas a gaban abokansa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce taurin kansa ne ya bar bawan Allah a rataye har kabari, na ce minti biyar kawai ya roƙa. Da na gama ya ce a hankali, “Na sani, Auta. Bakwai ga wata ma da ta yi.” Ba da gatse ya faɗa ba, da ma da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Na fita na bar musu ɗakin.

A kicin na sami Anti tana wanke kofuna. Ta bar ni na yi kukana ya ishe ni, sannan ta miƙo mini tsumma in taya ta gogewa.

“Ni fa na san lambar,” ta ce, ba ta ko dube ni ba. “Ƙwaya aka ce kada in taɓa, ban taɓa ba. Amma kofi duk sati sai na ɗaga na goge ƙarƙashinsa, in ba haka ba tebur zai yi tabo. Ku dai babu wanda ya taɓa tambayata.”

Na tsaya da tsumma a hannu.

“Da na je duba shi asibiti na ce, Malam Tela, in gaya maka? Sai ya toshe kunne da hannu biyu yana dariya. Ya ce, a'a Anti, ba lambar nake so ba, so nake in gan su a kaina su huɗu suna leƙawa.”

Na ajiye tsumman na tambaye ta. “Nawa ne?”

“Sha bakwai.”

Ya haye ke nan. Tun ranar farko, tun ina neman takalmina, ɓarawon ya taka ƙasa a wancan gefen. Shekara biyu da wata huɗu yana tsaye a tsallake, mu muna aika wa juna zagaye da gicciye.

Ban gaya wa Yaya ba, Anti ma ba ta gaya masa ba. Na rasa wanne ya fi zama zalunci, ya sani ko kada ya sani. Yana nan yana zuwa aiki, motoci suna fita a kan lokaci, direbobi suna yaba shi. Ya ƙara furfura, ya rage magana. Kofin yana inda yake, Anti tana ɗagawa tana gogewa tana mayarwa.

Farkon watan nan hoton takarda ya sake shigowa guruf, layi biyar kamar kullum. Dogo bai buɗe ba. Ticha ya rubuta, “Allah ya kai mu.” Layin Tela babu daidai, babu gicciye, babu zagaye, Yaya ya bar shi fari kamar na wanda bai amsa ba tukuna. Ni na cike nawa da daidai daga sama har ƙasa, duk rana talatin ɗin, har da waɗanda nake aiki. Bayan awa ɗaya ya rubuto, “Na gode, Auta. Saura mutum ɗaya.”